Shekarar da Aka Buɗe Idon Ya Fanna

Na san abin da ake faɗa muku a gidan baffanku Malam Bukar, ko da ba ku taɓa maimaita shi a gabana ba. Ana cewa akwai shekarar da ubanku ya kusa barin salla, ya bi wani likita da bai yarda da Allah ba, har ya kawo shi cikin gida ya zubar wa dangi mutunci. Rabin maganar gaskiya ce, na kawo shi. Sauran kuwa ƙari ne irin na bakin murhu. Ban taɓa barin salla ba. Abin da ya kama ni a shekarar nan ba kafirci ba ne, kishi ne, kishin ƙanena da muka fito ciki ɗaya. Yanzu da na ajiye aiki na tsufa, ba sauran wanda zan ɓoye wa, don haka ga yadda abin ya faru.

Ni ne ɗan farin kakarku Ya Fanna. Ku ƴan yanzu ba ku san nauyin wannan ba, tun da kun tashi kuna ganin uwarku Kellu tana kiran yayarku da sunanta, har ta rungume ta a gaban baƙi. A wajen su Ya Fanna, ɗan fari abin kunya ne. Uwa ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta yabonsa, in ya shigo ɗaki sai ta sami abin da za ta yi da hannunta. Ana yaye ni aka kai ni Gamu wajen kakata, ban dawo Gure ba sai da aka sa ni lakwal, wato makarantar boko. Sunana Ari, amma ban taɓa jin sa a bakinta ba. Ina yaro “wancan” nake, da na fara aikin jinya na zama “wancan na asibiti”. Bukar kuwa auta ne. Sunansa a bakinta yake kwana yake tashi. In ta dawo daga lambunta na kwari, dabinon da ya fi laushi a ƙullin zane yake zuwa, kuma kowa ya san na wane ne. Da ya girma ya bi karatun allo ya zama malami, sai abin ya ƙaru, ga auta ga malami. Na san al'ada ce, na san ba ƙiyayya ba ce, an sha gaya mini. Sanin bai taɓa rage mini zafin ba.

Yanar ido ta fara rufe wa Ya Fanna gani tana da sauran ƙarfinta. Da farko zare ne ya ƙi shiga allura, daga baya ta daina saƙar tabarma, daga nan ta daina zuwa kwari, ita da ba ta iya wuni ba ta taka lambun nan ba. A ƙarshe sai an kama mata hannu an kai ta bayan gida. Ni a lokacin ni ne majo a asibitinmu, wato babban ma'aikatan jinya, na san ciwon, na ga an warkar da ɗaruruwa. Na ce a yi mata aiki. Da yake ba ta amsa mini kai tsaye, ta bakin Kellu amsar ta zo.

“Gaya wa wancan ba a sa wa ido wuƙa. Bukar yana yi mini rubutu.”

Haka aka yi shekaru. Bukar ya rubuta allo ya wanke, ta sha ta shafa a ido, ta sa masa albarka da babbar murya. Ni in kawo maganin ɗigawa, in ajiye a bakin ƙofa, Kellu ta ɗiga mata. Ban taɓa jin an ce sannu ba.

A shekarar da nake faɗa muku ne aka fara turo mana likitan ido daga Damagaram. Yakan zo bayan kaka da kayan aikinsa, ya yi ƴan kwanaki, ya koma, sai kuma gab da bazara ya sake dawowa. Sunansa Dokta Sumana, mutumin yamma ne, ya daɗe yana karatu a ƙasar Turawa. Dogo ne siriri, ba ya salla, kuma ba ya ɓoyewa. In an kira azahar mu tashi mu yi alwala, shi ya ci gaba da wanke ƙarafunansa yana fito. Amma hannu, ban taɓa ganin irinsa ba. Ni nake riƙe masa kaya a ɗakin aiki, don haka muka saba, kullum da la'asar sai mun zauna ƙarƙashin dalbejiya mun sha shayi. Wata rana aka cire wa wani tsohon makiyayi na Alakoss audugar ido bayan aiki, ya ga haske, ya ɗaga hannu sama yana kuka yana hamdala, ƴaƴansa suka kama shi suka wuce ta gaban Dokta ko kallonsa ba su yi ba. Da muka zauna shayi sai ya ce da ni:

“Majo, ka lura da mutanenku? In ido ya buɗe, Allah ne. In ya ƙi buɗewa, Sumana ne.”

Na yi dariya, na ce, “Ai Dokta, hannun naka ma Allah ne ya ba ka.”

“To yanar fa, wa ya ba tsohon? Wanda ya sa cutar shi ake gode wa, wanda ya cire ta a bi ta gabansa kamar turmi. Na bar uwata da ƙasata na je na sha sanyi shekara da shekaru don in koyi wannan. Ban ce a yi mini sujada ba. Mersi kawai nake so, godiya, kalma guda.”

Na yi istigfari a fili, na ce masa ya ji tsoron ranar da zai kwanta. Amma in gaya muku gaskiya, maganar ta yi mini daɗi a ciki. Ba don na yarda da shi a kan Allah ba, wannan ko kusa. Sai don duk inda ya ce Allah, ni Bukar nake ji. Ga wani mutum a duniya da ya san yadda ake ji in ka yi aiki an kai godiyar wani gida.

Kafin Dokta ya koma a zuwansa na farko, Ya Fanna ta yi tuntuɓe ta faɗa kan murhu, hannunta na hagu ya ƙone har gwiwa. Da na ɗaure ƙunar na fito, ban sake aika kowa da shawara ba. Washegari na zo da motar asibiti, na shiga ɗakinta, na ce, “Ya, tashi mu tafi.” Kunyar da ta hana ta yaba mini ita ce ta hana ta yi mini gardama. Ba za ta iya ja-in-ja da ɗan fari baki da baki ba. Ta lalubi mayafinta ta tashi. Bukar ya biyo mu a guje da kwalbar rubutu, ya shiga bayan mota ya riƙe mata hannu yana addu'a har muka isa.

Dokta ya ce idon dama zai fara yi, na hagu sai ya dawo. A ɗakin aiki ni na tsaya a kanta, na tallafe fuskarta da tafin hannuna biyu don kada ta motsa. Tun da na yi wayo ban taɓa taɓa fuskar uwata ba sai ranar. Na ji tsagen da ke kumatunta a ƙarƙashin yatsuna, na ji tana salati a hankali. Dokta yana aiki yana fitonsa, ni kuwa hawaye na zuba cikin ƙyallen da na rufe baki da shi. Aikin bai ɗauki lokaci ba.

Daga nan na fara shiri, kuma ba na jin kunyar faɗar shirin. Na ce da safe in za a cire audugar, ni zan tsaya a gabanta. Mace ta yi shekaru a cikin duhu, fuskar da ta fara gani ba za ta iya kau da kai daga gare ta ba, ko al'ada ta ce me. Na sa Kellu ta goge mini sabuwar farar riga, na yi aski. Da aka taru a ɗakin, Bukar yana gefen gado, mata suna bakin ƙofa, na matsa na durƙusa daidai gabanta. Dokta ya ɓare audugar, ya share idon. Ta ƙifta, ta sake ƙiftawa, na ga ƙwayar idon ta tsaya a kaina. Ta gan ni, wannan ba na shakka. Sai ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi, ta juya gefe.

“Alhamdu lillahi. Alhamdu lillahi. Ina Bukar? Bukar, matso in gan ka.”

Ya matso. Ta kama gemunsa tana dariya tana kuka, tana cewa ashe ya yi gemu haka, tana cewa addu'arsa ba ta faɗi ƙasa ba, Allah ya yi masa albarka duniya da lahira, Allah ya ba shi masu yi masa. Mata suka ɗauki guɗa. Ni ina nan durƙushe da sabuwar rigata, ba wanda ya ce in tashi, ba wanda ya ce in zauna. Na ɗago kai muka haɗa ido da Dokta. Ya ɗaga gira ya jefa audugar a bokiti.

Da ta koma gida aka shirya sadakar godiya, yadda ake yi in mutum ya tashi daga ciwo. Aka yanka rago, aka yi waina, malamai suka taru a ƙofar gida don saukar Alƙur'ani. Ni na je na roƙi Dokta ya zo. Ya ce ba wurinsa ba ne, na nace. Ina so a gan shi zaune, a tuna cewa akwai hannun da ya yi aikin, in an tuna da shi kuma dole a tuna da wanda ya ɗauko ta ya kai. Ya zo da wandonsa na Turawa, ya zauna a bakin tabarma. Aka yi karatu aka shafa, liman ya fara addu'a. Ya yi wa Ya Fanna, ya yi wa marigayi mahaifinmu, ya daɗe a kan Malam Bukar da ya tsaya wa mahaifiyarsa da rubutu ba gajiya, ya yi wa ruwan damina da shugabanni. A can ƙarshe ya ce, “da ma'aikatan asibiti baki ɗaya,” aka ce amin. Ni da Dokta da mai shara, duk a kalma ɗaya.

Ana cikin rabon waina wani dattijo, abokin mahaifinmu, ya juyo da fara'arsa ya ce wa Dokta:

“Wushe, sannu likita. Ka ga ikon Allah ko? Ya ga dama ya buɗe mata.”

Dokta ya ajiye wainar da ke hannunsa.

“Baba, shekara nawa kuna roƙonsa ya buɗe bai buɗe ba? Ni kafin shayi ya dahu na gama. In kuna neman wanda za ku gode wa, ga Majo nan, shi ya kawo ta.”

Salati ya tashi ta ko'ina. Wasu malamai suka kwashi takalmansu. Dattijon ya kama bakinsa. Bukar ne ya miƙe ya ce a yi haƙuri, baƙo ne, ya kuma raka Dokta har bakin hanya da girmamawa, abin da ya ƙara ƙona mini rai, don ko a nan shi ne ya fito da kyau. Tsakanin tabarmar maza da tsakar gida zana ce kawai, Ya Fanna ta ji komai. An ambaci aikina a gaban mutane, abin da na nema ke nan, amma daga bakin da ya sa kowa ya toshe kunne.

Da yamma Kellu ta zo mini da saƙo.

“Ya ta ce a gaya maka ido ɗaya ya ishe ta. Hannun da bai san Allah ba ba zai sake taɓa ta ba.”

Na ɗauka fushi ne zai wuce. Bai wuce ba. Sanyi ya shiga ya fita, ita tana nan a kan bakanta. Ido ɗaya kuwa ba ya nuna wa mutum zurfi, ta zuba ruwa ya sauka gefen randa, ta taka dokin ƙofa ta yi tangal-tangal. Kuma na san yanar hagun ta nuna sosai, in aka bar ta za ta iya tayar da ciwon da zai kashe idon gaba ɗaya, ba gyara. Na sake zuwa da mota, wannan karon ta shige ɗakin matar Bukar ta sa aka rufe ƙofa. A gari kuwa an fara nuna ni da baki. A masallaci in na tsaya a sahu sai in ji na gefena ya ɗan ja jikinsa.

Da lokacin dawowar Dokta ya matso, na rasa yadda zan yi, na ga hanya ɗaya ce ta rage, kuma ita ce wadda na fi ƙi. Na tafi wajen Bukar. Na same shi a zaure yana dakan tawada. Ni yayansa, majo guda, na cire takalmi na zauna ƙasa a gabansa.

“Malam, idon nan zai mutu in ba a yi aikin ba. Ni ba ta jin tawa. Kai za ta ji.”

“Yaya, me ya sa ba ka zo tun da wuri ba?”

Bai matsa mini ba. Na so ya yi mini gori, na so ya ce ai ga abin da abokinka ya jawo, don in sami abin da zan riƙe shi da shi. Bai ce ba. Ya wanke hannu ya shiga cikin gida, ni na tsaya a bayan zana ina ji.

“Ya, rijiyar kwari da kike ban ruwa da ita, kin taɓa tambaya ko wanda ya haƙa ta yana salla? Ki je a yi miki. Tsakaninsa da Allah ba ruwanki, ni zan riƙe miki hannu.”

“To, tun da kai ka ce.”

Shi ke nan. Abin da na yi wata da watanni ina fama, magana biyu ya yi. Na koma gida ranar ban iya cin abinci ba, ina murna za a ceci idon, ina kuma jin kishi yana cina.

Saura Dokta. Na ji tsoron zai ƙi, don ya ji irin sunayen da ake kiransa da su a gari. Da ya iso na gaya masa komai. Ya yi dariya.

“Majo, ni ido nake yi wa aiki, ba baki ba. Kawo ta. Ta gode wa wanda ta ga dama. Kai ne dai nake tausayi, kai da kake jira.”

Aka yi aikin, ya yi kyau. Wannan karon ban riƙe kanta ba, na sa wani ma'aikaci. Da safe kuma da za a cire audugar ban sa sabuwar riga ba, ban shiga ɗakin ba. Ba zan iya durƙusawa a kau da kai daga gare ni sau biyu ba. Na tsaya a baranda, jikin bango. Na ji hamdalarta, na ji ta kira Bukar, na ji albarkar nan tana zuba a kansa, wannan karon har da ƙarin cewa shi ne ya ba ta shawara. Na ji Dokta ya ce da Hausarsa ta yamma, “Tsohuwa, ni fa?” Ta ce, “Kai Allah ya shirye ka.” Ya fashe da dariya, ya ce ya karɓa. Da guɗa ta tashi na sauka daga barandar, na ratsa filin asibiti na tafi ɗakin magani, na kama aikina.

Dokta bai sake dawowa Gure ba, an mayar da shi wani wuri. Ya Fanna ta koma kwari, ta koma saƙar tabarma, ta yi shekaru tana gani da idonta biyu har ta ga auren wasunku. Har ta koma ga Allah ba ta ce mini na gode ba, ba ta faɗi sunana ba. Ranar da za ta cika, Bukar ne a kanta, ni ina bakin ƙofa inda ɗan fari yake tsayawa.

Bayan an yi sadakar bakwai, Kellu ta same ni zaune a ɗaki, ta ce akwai maganar da Ya ta hana ta faɗa mini tana raye. Ta ce ranar da aka buɗe ido na biyu, da mutane suka fita raka Dokta, Ya ta ce a kama ta a kai ta taga. Lokacin ina ratsa filin asibiti, na ba su baya. Ta tsaya tana kallona da idon nan biyu, ba ta ƙifta ba har na shige ɗakin magani. Sannan ta ce:

“Kellu, wancan yaushe kansa ya yi fari haka? Ba wanda ya gaya mini.”

Kellu ta ce ta ga hawaye a sabon idon, ta tsorata ta ce Dokta ya hana kuka, Ya ta ce ta rufe mata baki.

Wannan shi ne rabona, ƴaƴana. Bukar ya sami nasa a fuska, da sunansa, a gaban jama'a, shekara da shekaru. Ni na sami nawa a ƙeya, ta bakin matata, bayan an rufe ta da ƙasa. Mutane suna cewa ai nawa ya fi, in gode wa Allah. Na gode masa, kullum ina gode masa. Amma da an ce in zaɓa, da na ba Bukar tagar, ya ba ni safiya ɗaya da ta kama gemunsa.